Mijina Ba Kafinta Ba Ne

Bin Omran, Doha

Zuwa ga Alhaji Munzali, a Jos.

Haulat matar ɗana Muttaka ce take rubuta mini wannan, yau ba ta da aiki a asibiti. Na ce mata ta ɗauko shi yadda ya fito daga bakina, kar ta zuba masa sukari. Da ta waya zan yi maka magana, sai aka ce kunnen ya ƙara nauyi, sai an yi ta kwarara maka ihu kamar ana kiran mai ruwa. Ni ba zan yi wa ƙanin mijina ihu maƙwabta suna ji ba. Ido dai an ce yana gani da tabarau, to sai ka karanta.

Ina gaishe ka da kyau. Ina gaishe da matarka Safiya, ya ƙafar tata? Ina gaishe da Saifuddeen da iyalinsa, da duk wanda ya tambaye ni a unguwa, wanda bai tambaya ba ma a gaishe shi. Ni gwiwa da sauƙi. Likita ya ce in riƙa takawa, na ce masa ina zan taka, waje tanda ciki firji.

To ba gwiwa ce ta sa na zaunar da yarinyar nan ba. Ɗanka Saifuddeen ya kira Muttaka ya ce kai ka aiko shi, wai a cire sunan yayanka daga rubutun da Muttaka yake yi, in ma dole ne a ambace shi, a ce wani kafinta ne a arewa. Muttaka ya ajiye waya, ko abinci bai taɓa ba. Shi ba zai iya mayar maka da magana ba, ubansa ne kai. Ni kuwa na san ka tun kana ɓoye ƙosai a aljihun wandon makaranta, mai yana bin cinyarka.

Bari in gaya maka yadda abin yake, don na ga alama a karkace aka kawo maka shi. Masu sana'ar gyaran piyano irin su Muttaka suna da wani zaure a cikin waya, na duniya gaba ɗaya. Wannan yana Jamus, wancan yana Indiya, kowa ya kawo abin da ya gagare shi a taru a kai. Wani mutum ya ce 'yar fatar nan da take gindin gudumar da ke bugun wayoyin piyano ta cinye, ƙasarsu ba a samun irinta, me zai sa. Muttaka ya ce ubansa jar fatar akuya yake sawa, a kankare ta ta yi fayau, kuma da rani yana ajiye 'yar tukunyar ƙasa da ruwa a ƙasan piyanon daga ciki don kar katakon ya tsage. Suka yi masa ca. Wani ya yaba, wani ya yi dariya, wani ya ce ƙarya ne. Kafin ka ce me, zancen ya nutse an shiga wani. Sai wata tsohuwa, ita ce mai kula da mujallarsu da ake bugawa a takarda, ta aiko masa. Ta ce zancen zaure iska ne, in yana so abin ya zauna ya rubuto shi da kyau, ya gwada, ya faɗi wurin wa ya koya, da suna da gari da inda aka yi aikin.

Shi ne yake zaunar da ni bayan la'asar yana ta tambayata. Lokacin da ya yi wayo Malam, yayan naka, ya fara gajiya, kuma aikin fatar ai hannuna ne. Ko ka manta? Malam ya sayo ta wurin majema, ni in kife turmi in shimfiɗa ta a kai, in yi ta kankara da aska har sai na ɗaga ta na hangi hasken rana ta ciki. Sannan in yayyanka ƙanana kamar farce. Ga gam ɗin nan da ake dafawa a gwangwanin madara, wanda warinsa yake korar ka daga tsakar gida kana toshe hanci kamar ɗan sarauta. Ga ganyen dogonyaro da nake busarwa in ɗinke a 'yan jakunkuna saboda asu da ɓera. Ya ɗaure akwatinsa a bayan keke, yau makarantar mishan, gobe kulob ɗin Turawan kuza, jibi coci. Ya dawo da yamma kunnensa ya gaji, ko rediyo ba ya so a kunna.

Ko kujera ɗaya Malam bai taɓa ƙerawa ba. Ƙofar ɗakina ma da ta ɓalle, sai da aka kira kafinta na gaske.

Na ce wa Muttaka ya ci gaba da rubutunsa. In kana da magana, ni za ka yi wa.

Matar yayanka,
Shetu

Jos

Zuwa ga Yaya Shetu.

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso, Saifuddeen ya fitar mini da shi a takarda da manyan baƙaƙe. Na gode Allah da jin gwiwa ta yi sauƙi, harshe kuma na ga ko ciwon kai bai yi ba. Safiya tana gaishe ki, ƙafar sai a hankali. Ruwa ya sauka sosai bana, har katangar bayan ɗakinki ta jiƙe na sa aka yi mata yaɓe. Ki gai da Haulat, Allah ya ba ta haƙurin zama da ke.

Zancen ƙosai kuwa, wa yake ba ni? Ke ce, a ɓoye, don kar Yaya ya sani.

Yaya Shetu, ba na musun ko ɗaya daga abin da kika faɗa. Na san turmin, na san gam ɗin, har yau in na tuna sai in ji shi a maƙogwaro. Yaya Gado uba ne a wurina, a hannunsa na tashi. Amma kin bar Jos kin je inda ba wanda ya damu da wa ya shiga ina. Jos ɗin da Yaya ya yi yawo da keke ba ita ce ta yanzu ba, kin sani, a gabanki gari ya rabu. Yanzu akwai unguwannin da shi ya shiga ya sha shayi, mu ko a mota ba ma bi. Yaran unguwarmu ba su san wancan zamanin ba. In suka gani a waya an rubuta Malam Gado na gidan su Munzali yana gyara kayan kiɗan coci, ba za su tsaya tambayar fatar akuya ba.

Ga kuma abin da ba na so in faɗa sai kin tilasta ni. Dattawan masallaci suna neman na'ibin liman, kuma sunan Saifuddeen yana gaba. Yaron nan ya yi karatu, ya wahala. Akwai masu neman abin da za su kama. Kiɗa kawai ma magana ce a wurinsu, balle kiɗan coci.

Sannan Saifuddeen ya fassara mini abin da mutanen zauren nan suka rubuta. Wani ya ce tukunyar ruwa tatsuniyar tsofaffi ce, sa tsatsa kawai take yi. Wani ya ce ko za a haɗa da turare. Wannan ne kike so a rataya wa sunan Yaya? Mutum ya mutu da mutuncinsa, a tono shi a kai wa Turawa su yi dariya?

Ban ce kar Muttaka ya yi rubutunsa ba. Ya rubuta fatar, ya rubuta ganyen, ilimi ne. Suna kawai nake roƙo. Kafinta ai ba zagi ba ne, kuma piyano da katako ake yin sa.

Ɗakinki yana nan, mabuɗi yana wurin Safiya. Amma ki tuna cikin unguwa ɗakin yake, kuma nan za ki dawo ki zauna.

Ƙaninki,
Munzali

Bin Omran, Doha

Munzali.

Haulat ce dai. Ta dawo daga aiki a gajiye na ce ta zauna, wannan ba zai kwana a cikina ba. Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya, a gai da Safiya. Na gode da yaɓen katanga.

Sau biyu na sa aka karanta mini wurin nan na ɗaki da mabuɗi. Haulat ta ce, Iya, ba haka yake nufi ba. Na ce mata ke kika san shi ko ni? Ka nuna mini ƙofa, na gani. Ɗakin nan Malam ne ya gina shi, bulo ɗaya bulo ɗaya, kuma ka san da wane aiki. In ka ga ya ƙazantu ka rushe shi, amma ka fara da naka ɓangaren, don ƙasa ɗaya aka kwaɓa.

Wai piyano da katako ake yin sa. Gangar ma da ice ake yin ta, ka taɓa jin an kira makaɗi masassaƙi?

Zancen dariya kuma. E, sun yi. Kuma ka ji in gaya maka, a tukunyar sun fi mu gaskiya. Muttaka ya gwada a nan. Ka san garin nan, masu gidajen nan na unguwar Al Rayyan in zafi ya yi sai su kashe esi mai sanyaya ɗaki su kulle gida su tafi ƙasar sanyi, su dawo su tarar piyano yana kuka kamar akuya, sai a kira Muttaka, yalla yalla, maza maza, wai gobe akwai baƙi. Ya samu wani tsohon piyano a shagon kafil ɗinsa, wato ubangidansa, ya sa masa tukunya, ya sa wani abin auna laima a ciki. Ya zo ya ce mini, Iya, tukunyar Baba ba ta yin wani abu a nan, wayoyin ma sun fara ja da tsatsa. Na ji haushi, ban ɓoye ba, ranar ko shayinsa ban sha ba. Daga baya na ce ya rubuta haka ɗin. Malam in abu bai yi ba cewa yake bai yi ba, ko a gaban Bature. A rubuta inda ya dace, a rubuta inda ya kuskure, mutum ne. Wanda aka yi wa gyara a cikin masu sana'arsa ai an ɗauke shi ɗan sana'a. Wanda aka share ne ba kowa ba.

Kun daɗe kuna sharewa. Muttaka da ya zo garin nan yana tuƙa motar shagon, kuna cewa direba ne, kuna faɗa da baki cike. Da suka ga hannunsa suka tura shi koyo ya zama mai gyara, sai ya koma injiniya a bakinku. 'Yata Ikilima ta ce da ta je suna gidanku an tambaye ta injiniyan me ne ƙanin nata, ta rasa abin faɗa ta ce na waya. To da ɗan gaskiya, wayoyi sun fi ɗari a cikin abin.

Yanzu bari in zo kan wanda ya daɗe yana cin raina. Ranar da aka kai Malam, ina cikin ɗaki an lulluɓe ni, takaba ta hau kaina, ba fita ba ɗaga murya. Washegari matan zumunta na cocin nan da ya fi yi wa aiki suka zo gaisuwa. Mama Chundung ce a gaba, matar da take aiko mini da dankali duk kaka, wadda ta zauna da ni a asibiti lokacin haihuwar Ikilima. Sun sha zanensu iri ɗaya, sun ɗauko kwano a ka. A lokacin nan, Munzali, da gari yake yadda yake, suka tsallako suka zo. Ikilima tana zaure, ta ji da kunnenta. Ka tare ƙofa ka ce musu sun yi ɓatan kai, kafinta ne ya rasu a gidan nan, ba su san shi ba. Suka juya.

Ikilima ta shigo tana kuka ta gaya mini. Na yunƙura zan tashi, tsofaffi suka danne ni, wai mai takaba ba ta taka zaure. Na zauna. Na haɗiye. Da na fita takaba na sa a nemo mini ita, aka ce ta koma ƙauyensu, daga baya aka ce ta mutu. Ta tafi tana ganin ni na ce a kore ta.

Ban taɓa yi maka zancen ba, don Malam bai son a ɗaga murya a gidansa. Amma ka sani, wancan karon zane ne ya rufe mini baki. Yanzu ba na takaba.

Saifuddeen ɗana ne, ina yi masa addu'a. Amma ba da sunan mijina za a saya masa wuri ba.

Shetu

Bin Omran, Doha

Alhaji Munzali.

Ina gaisuwa, in ana karɓa. Wata ya mutu wani ya tsaya, ba amsa. Muttaka ya kira Saifuddeen, ya ce Baba yana hutawa. Ikilima ta kira Safiya, ta ce lafiya lau, ta kashe. To na gane. Tun kana yaro haka kake, in aka faɗa maka gaskiya sai ka shige bayan rumbu ka ƙi cin tuwo.

Ga labari, ko ka so ko ka ƙi. Tsohuwar mujallar ta ce ba ta buga zancen da ba a iya dubawa. Ta ce a nuna mata piyano ɗaya da fatar take ciki har yanzu. Na kulob an sayar, na makaranta gara ta cinye. Saura na cocin su Mama Chundung. Muttaka ya yi ta nema har ya samu mai koya musu waƙa. Mutumin ya buɗe gaban piyanon ya ɗauko hoto ya turo. Haulat ta buɗe mini shi ya yi girma a waya. Jar fatar nan tana nan a jere, ta yi duhu, amma ba ta ɓanɓare ba. Na gane yankana, ni da hagu nake yanka, duk sun ɗan karkata gefe guda. Limaminsu ya ce a sa sunan cocin ma in ana so, su ba su da abin ɓoyewa.

Na jira ka, ba ka zo ba. Jiya na ce wa Muttaka ya tura. Ya tura, da suna da gari da hoto. Khalas, in ji mutanen nan.

Shetu

Jos

Yaya Shetu.

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya ke da yara. Ki yi haƙuri da rubutun, a karkace yake, ido ɗaya nake aiki da shi.

Ba bayan rumbu na shiga ba. Aikin yanar ido aka yi mini, na farko bai yi kyau ba aka sake. Na hana a gaya muku don kar Muttaka ya ce zai taso. Takardunki biyu suna ƙarƙashin matashina duk tsawon lokacin. Kunne ba ya ji, ido a ɗaure. Saifuddeen ya ce zai karanta mini da ƙarfi, na ƙi, don na san ki, kuma ba na so maƙwabta su ji. Sai shekaranjiya na karanta da kaina.

Zancen ɗaki, wallahi ba kora nake nufi ba. Tsoro nake ji miki. Wannan ki bar shi.

Zancen matan nan kuma, abin da Ikilima ta ji gaskiya ne, na faɗa. Abin da ba ta gani ba, daga zaure ba a hango bakin layi. Samari ne cike a gindin mangwaro, waɗanda suka raka mu maƙabarta ranar jana'iza da waɗanda ba mu san su ba, kuma na ga yadda suka miƙe da suka hangi zannuwan nan. Ɗaya har ya sunkuya ƙasa yana laluben dutse. Na ɗaga murya don su ji, na ce ɓatan kai ne. Sannan na sa takalmi na shiga tsakiyar matan, na raka su har bakin titi, na tsaya sai da suka shiga mota. A hanya na gaya wa Mama Chundung dalili. Ta ce ta gane tun daga idona. Ta ce in gaya miki Malam ya bar musu murya a cocinsu, duk Lahadi za su tuna shi. Ta sauke kwanon ta ba ni, acca ce. Na shigo da ita ta ƙofar baya na ba Safiya, aka dafa ranar sadakar uku. Kin ci.

Ban isar miki da saƙon ba. Ɗakinki cike yake da mata dare da rana, magana in ta shiga can ta fita unguwa. Na ce sai kin fita takaba. Da kika fita kuma kin daina kallona in muna gaisawa, ni kuma na ji nauyi, har abin ya tsufa. Ba ta tafi tana zarginki ba. Wannan na rantse miki.

Yanzu ga roƙona na ƙarshe. Saifuddeen ya ce mujalla irin wannan ba ta fita nan take, ana iya gyara kafin a buga. Na janye zancen kafinta. A sa sunan Yaya. A cire coci kawai, da hoton, a ce a makarantu ya yi aiki, wanda kuma gaskiya ne. Ko a dakata har dattawa su gama shawara bayan salla. Ni na taɓa tsayawa a gaban samarin nan, Yaya Shetu, na san idonsu. Yanzu na tsufa, ba zan iya raka kowa bakin titi ba.

Ƙaninki,
Munzali

Bin Omran, Doha

Munzali, ƙanena.

Haulat tana rubutawa. Sannu da ido, sannu. Allah ya ƙara sauƙi, ya bar maka ɗayan. Kai ma da taurin kai, a yanka ka sau biyu ka hana a faɗa. Ka ce wa Safiya na ji haushinta, daga baya na huce. Haulat ta ce kar ka bari ruwan alwala ya shiga, kuma ka riƙa ɗiga maganin a kan lokaci, ba sai ka tuna ba.

Da aka zo wurin accar na ce ta tsaya. Na tuna ta. An kawo mini a ƙaramin kwano da miyar kuka, ita ce abin da ya fara shiga cikina bayan Malam. Na ce wa ta iya tuwon acca haka a gidan nan. Ashe.

Allah ya saka maka da abin da ka yi a bakin layi. Ka yi aikin maza, na ɗora maka abin da ba naka ba, ka yafe. Amma saƙon mace ga mace ka riƙe shi a aljihu har ta mutu har na yi furfura, wannan kuma sai mun zauna.

To, Muttaka ya ji takardarka. Ya zo ya durƙusa ya ce, Iya, a cire hoton, Baba Munzali yana da gaskiya. Ya ma tambayi tsohuwar. Ta ce in aka cire piyanon da ake iya zuwa a duba, rubutun ya koma zancen zaure, ba za ta buga ba, amma ba ta matsa masa, ya yi shawara da gida. Ya ce mini shi ya haƙura da rubutun gaba ɗaya.

Na ce masa bai isa ba.

Ka ji dalilina, sannan ka yi fushin da za ka yi. Abin da ka faɗa a bakin ƙofa, na ranar ne. Ka faɗe shi don a tsira da rai, an tsira. Ya kamata da motar nan ta tashi a tuɓe shi a ajiye. Sai muka mai da shi riga, kai ka sa, yara suka sa, ni ma da na yi shiru na sa. Jikokin Malam na gidan Ikilima yau in ka tambaye su, kafinta za su ce. Samarin da kake tsoro, ai don ba wanda ya gaya musu ne. Ba su san an yi wani mutum a layinsu mai salla a sahun gaba, da yake shimfiɗa buzunsa a bayan coci in azahar ta same shi a can, mai gadin wurin yana kawo masa ruwan alwala ba. In mu da muka gani muka mutu da shi a ciki, shi ke nan ba a yi ba.

Matan nan sun tsallako a ranar da ba a tsallakowa, don su ce sun san shi. Yau jikokinsu sun ce a sa sunansu kusa da nasa. Ni ce zan ce a'a, ɓatan kai suka yi?

Saifuddeen ya kira ni da kansa, in ya ga dama. Zan gaya masa, in dattawa suka tambaye shi ya ce e, baffansa ne, kuma bai taɓa cin haram ba. In suka hana shi a kan wannan, zai ji ciwo, ni ma zan ji, ban ce ba zan ji ba. Amma ba zan janye ba.

Ba kai za ka raka kowa ba wannan karon. Na ce wa Muttaka ya nema mini jirgi kafin salla, kafin dattawan su zauna. Safiya ta share ɗakin ta bar ƙofa a buɗe. Duk mai tambaya, yaro ko babba, a nuna masa ɗakina. Zan kife masa turmi in nuna masa yadda ake yi.

Tsohuwar ta ce tunda aikin fatar nawa ne, sai an sa ni a ƙasan rubutun tare da Muttaka, ta tambayi yadda za a rubuta ni. Haulat, rubuta wa Munzali yadda na ce a gaya mata, ya fara gani kafin Turawa. Sunan Malam ke kin iya faɗa, ni bakina bai taɓa ɗauka ba, ba kuma yau zai fara ba. Sa shi duka, da aikinsa. Na gaji, ɗauke mini filon nan.

Shetu, matar Malam Gado mai gyaran piyano, Jos.

Baba, Haulat ce. Na tambaye ta ko akwai saura, ta juya fuska bango. Na turo haka.